Gyatuma da Tukunyar Tasallah

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Bagudo da iyakar Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Benin, a shekarun da aka sami mulkin kai, ya san Mamuda Direba ko da bai taɓa shiga motarsa ba. Gajere ne siriri, mai ƙananan idanu waɗanda kullum kamar sun hango abin dariya a bayan kafaɗarka. In ya gaishe ka da ladabi fiye da kima, to ka laluba aljihunka. Ba wai ya ɗauke maka wani abu ba ne, mai yiwuwa dai ya riga ya ajiye maka kwaɗo a ciki.

A Geza aka haife shi, gidan manoma gaba da baya. Ubansa Hamma ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya mai da shi manomi, abin ya faskara. Kunya ɗaya Mamuda zai yi, sai a tarar da shi gindin kuka ya cire ruwan fartanya daga ƙota yana duba yadda maƙeri ya haɗa su. Da ya tasa, wata babbar mota ta zo ɗaukar shinkafa, ya ɗare bayanta, shi ke nan aka daina ganinsa. Ya yi karen mota a hanyar Jega da Sakkwato, ya koyi tuƙi, daga bisani ya ƙetara Malanbil ta ƙasar Dahome, inda ya zauna hannun wani tsohon makanike Badende mai suna Namadi, wanda ke gyaran injinan wuta da na ban-ruwa. A can ya iya Dendanci, ya kuma tsinci Faransanci daidai na ciniki da zagi.

A shekarar mulkin kai ya komo gida, kuma bai komo a ƙasa ba. Turawan da ke haƙa rijiyoyi sun tattara nasu ya nasu, aka yi gwanjon tarkacen da suka bari a Birnin Kabi. Cikin tarkacen har da wata tsohuwar jif mai rufin tamfol, wadda ba ta shan fetur sai baƙin man nan da a wannan gefen ake ce wa man gas, a ƙetare kuma gazuwal. Kowa ya zagaya ta ya wuce, Mamuda ya saye ta. Da safe sai ta yi tari, ta yi kaki, ta yi nishi, a lallashe ta kamar za a yi mata kuka kafin ta tashi. Don haka ya sa mata suna Gyatuma.

Aikinsu kai 'yan kasuwa. Ranar kasuwa Sarkawa za su ɗaure manyan kwale-kwale biyu, su shimfiɗa katako, a fitar da Gyatuma zuwa wancan gefen Kwara. Daga nan ta ɗauki hanyar Ka'oje, ta bi Tsamiya, ta faɗa Sagbana ta ƙasar Dahome. A laka ba ta da matsala, a duwatsu ma tana rarrafawa ta wuce. Inda take kunyata mai ita shi ne wani dogon tudu mai rairayi, ba nisa da bakin kogi. Da ta kai tsakiyarsa sai numfashinta ya ƙare. Dole kowa ya sauka ya tura, ita kuwa tana fesa musu baƙin hayaƙi a fuska da farar riga. Irin maganganun da ke fita daga bakin mutanen kirki a wurin nan ya sa aka raɗa wa tudun suna Hawan Zagi.

Matarsa Tasallah 'yar kawunsa ce, saboda haka tun kafin aure taubasai ne, kuma auren bai hana su komai ba. Doguwa ce mai kaifin baki, tana sarin kifin banda wajen Sarkawa tana kaiwa kasuwanni. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce Direba, amma tana iya jan kalmar nan har ta fi zagi zafi.

Tasallah tana da wa mai suna Ango, wanda ya daɗe yana kuku a gidan wani Bafaranshe a Kandi. Da Dahome ta sami mulkin kanta, Baturen ya tafi, ya bar wa Ango rishon girkinsa da tukwanen ƙarfe guda biyu masu cike da iskar gas. Matar Ango ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da su ba, sai ya kawo wa ƙanwarsa. Ya nuna mata yadda ake ɗaura kan da ke rage ƙarfin iskar, da yadda ake kwance shi, ya bar mata wani kan na ajiya. Ya ce in tukunya ta ƙare a aika da ita wani kanti a Kandi, za a musanyo cikakkiya. Mamuda ya ce wannan ai mai sauƙi ne, yana da abokin da ke jan babbar mota tsakanin Sagbana da Kandi.

Rishon nan ya ɗaga Tasallah a garin. Mata suka riƙa zuwa kallon shuɗiyar wuta wadda ba itace, ba hayaƙi, ba toka. Ba ta tuƙa tuwo a kai, sai dai shayi in an yi baƙo na musamman. Tukunya ɗaya tana jikin risho, ɗayar ta ajiye ta a kusurwar ɗaki ta lulluɓe da tabarma.

Shi kuwa Mamuda tun ranar da ya ga tukwanen barci ya rage masa daɗi. Ya tuna wani abu da ya taɓa gani a Malanbil. Namadi yana da wani injin wuta da ya tsufa, in nauyi ya yi masa yawa sai tsohon ya saka masa bakin tiyon irin wannan iska a inda yake shaƙar numfashi, nan take injin ya farfaɗo. Namadi ya gaya masa injin gazuwal ba shi da fulogi, matsi ne ke kunna man. Iskar tukunya ita kaɗai ba za ta kama ba. Gazuwal shi ne ashana, ita kuwa iskar ƙarin itace ce. Ya kuma ja masa kunne cewa kaɗan ake ba shi, kamar gishiri a miya.

Wata rana Tasallah ta tafi suna unguwar Sarkawa. Mamuda ya shiga ɗaki, ya ɗauke tukunyar ajiya da kan nan na biyu, ya kife turmi a gurbinta, ya mai da tabarma ya lulluɓe yadda ya same ta. Ya riga ya tanadi siririn bututun tagulla da ya ciro daga wani mataccen firjin kananzir, da guntun tiyo, da ɗan ƙaramin famfo. Ya huda bututun da injin ke jan iska, ya cusa na tagullar, ya ɗaure, ya ajiye tukunyar a bayan kujerarsa. Kafin la'asar ya gama. Ya ja Gyatuma bayan gari, wajen masussuka, don ya gwada.

Maganar gishiri a miya ce ya manta. Ya murɗe famfon gaba ɗaya. Gyatuma ta yi wata ƙara kamar maƙera sun taru a cikin cikinta suna dukan uwar maƙera, ta zabura. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ba ta san ya yi ba. Ta tarwatsa jakuna, ta bi ta kan tarin ƙaiƙayi, ta nufi gari. Ya taka birki, ta yi kamar za ta saurara, ta sake fizgewa. Ba ta tsaya ba sai da ta tsaga dangar gidan Bunyaminu mai gishiri, a daidai lokacin da Mamuda ya tuna ya rufe famfon.

Bunyaminu yana zaune kan tabarma wanzami yana yi masa aski, an gama rabin kai. Wanzamin ya tsallake danga da askarsa. Bunyaminu ya miƙe da kumfa a rabin ƙeya, ya dubi hancin mota a tsakar gidansa da zana rataye a kanta.

"Mamuda! Mi na wanga?"

Mamuda ya sauko ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Allah shi huci zuciyakka, Baba. Zuma tac cije ta."

"Zuma tac ciji ƙarhe?"

"Ni ma abin da ya ba ni mamaki ke nan."

Ya gyara dangar da hannunsa, Bunyaminu kuwa ya yi kwanaki bai cire hula ba, don wanzamin ya ce ba ya sake taka gidan.

Bayan wannan Mamuda ya nutsu ya yi aikin da hankali. Ya samo idon wani tsohon risho mai famfo, ya ɗan faɗaɗa shi da allura, ya saka a bakin bututun yadda iska ba za ta wuce kima ba. Ya shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa don ya ga ko tana yoyo. Ya ƙera wa tukunyar akwatin katako mai ƙofofin shan iska, ya ɗaure shi tamau a bayan kujera, ya ce na sifanu ne. Famfon kuwa ya kafa shi gefen kujerarsa, daidai inda babbar rigarsa ke sauka ta rufe. Ya gwada sau da yawa shi kaɗai har ya gane ma'auninta: sai injin ya yi zafi, sai kuma yana jan nauyi ake buɗe mata, a rufe da an wuce wurin wuya. Sannan ya kafa doka, ba mai shan taba a motarsa. Ya ce Gyatuma ta tuba.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, da suka doshi Hawan Zagi, fasinja suka fara naɗe riguna kamar yadda suka saba. Mamuda ya tsai da mota a gindin tudu ya juyo da fuskar tausayi.

"Ku zamna, jama'a. Na gano ciwonta. Tsohuwa ta, ta kai ku ta komo da ku, ba wanda yat taɓa ce mata sannu, sai zagi. Kirari taka so."

Aka yi dariya. Wani ya ce rana ta taɓa Direba. Amma akwai wata tsohuwa mai sai da daddawa, Kubura, wadda gwiwoyinta suka gaji da turin mota. Ta ce ita dai ba ta da asara. Ta gyara murya ta ce, "Gyatuma uwat tahiya! Mai ƙahwa huɗu ba kohwato! Sha rairai ki yi gyatsa!"

Mamuda ya sa giya, ya taka totur, hannunsa na ƙarƙashin riga ya ɗan murɗa famfo. Kukan injin ya sake, ya yi kauri, baƙin hayaƙin ya ragu. Gyatuma ta kama rairayi ta soma hawa. Da suka kai tsakiya, inda ta saba mutuwa, sai ya rufe famfon, ta fara shiɗewa.

"Ku ƙara! Murya guda ba ta isa!"

Motar nan gaba ɗaya ta ɗauki kirari, maza da mata, har da masu kaji a hannu. Ya sake buɗewa. Suka haye tudun ba wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa. A samansa Kubura ta miƙa hannu ta shafa tamfol ta ce, "Allah Sarki, ashe duk rashin kulawa na."

Kafin mako ya zagayo labari ya kai Kamba. Wasu sun gaskata, wasu sun ce akwai dai wata dabara, amma masu shakkar ma in aka zo gindin tudu sukan buɗe baki, don turi ba daɗi. Mamuda ya samu abin wasa. In kirari ya yi sanyi, ya rufe. In wani ya noƙe, Gyatuma ta tsaya cak, Mamuda ya ce ta lura akwai wanda bai sa baki ba. Tukunyar kuma in ta yi aiki sosai sanyi take yi har raɓa ta kwanta mata, sai ya riƙa jingina goran furarsa a jikinta cikin akwati. A tsakiyar bazara ya miƙa wa mutum fura mai sanyin ƙanƙara ya ce albarkar tsohuwa ce.

Wanda ya fi shan wuya shi ne Manu, wani dillalin shanu mai ji da kansa, wanda bai taɓa riga kowa gaisuwa ba. Ranar da ya fara shiga, ya ce shi bai yi wa sarki kirari ba balle ƙarfe. Gyatuma ta kafe a tsakiyar tudu, rana na dukan tamfol, mutane suka zuba masa ido. Ga shi yana da shanun da ke jiransa a Sagbana. Can dai ya yi gyaran murya, ya dubi waje guda, ya ce a hankali, "Gyatuma uwat tahiya."

Mamuda ya kanga kunne a sitiyari ya ce, "Ta ce ba ta ji ba. Kunnenta ya yi nauyi."

Sai da Manu ya faɗa da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi daga kan gawo, sannan motar ta motsa.

A gida kuwa abubuwa sun fara warwarewa. Ranar da tukunyar risho ta ƙare, ga baƙi zaune, Tasallah ta yaye tabarma ta ga turmi. Mamuda ya ce ai ya ji tana yoyo ne ya aika da ita Kandi, ya sa turmi don kada hankalinta ya tashi. Ta karɓi wannan. Amma daga nan sai tukwane suka riƙa tafiya Kandi suna daɗewa, in sun komo kuma ba nauyi, ita da ba ta dafa komai sai shayi.

"Direba, ina iskata ka zuwa?"

"Uwargida, iska ta hwa. Wa ka iya ɗaure iska? Ta ji 'yan uwanta na kaɗawa waje, ta bi su."

Da ta zo wanke babbar rigarsa, ta ji gefen hannun yana wani wari da ta sani, warin da ke tashi kafin ta ƙyasta ashana a risho. Ran kasuwa ta ce yau da kanta za ta kai kifi, kuma gaba za ta zauna. A Hawan Zagi, kowa na kirari ido a sama, ita idonta na kan hannun mijinta da ya shige ƙarƙashin riga. Ta ga gwiwar hannun ta motsa, ta ji injin ya amsa. Ta yi kirarin tare da kowa, har ta fi kowa murya. Mamuda ya ji daɗi ya ce a ransa har ita ya kama.

Ta jira sai kasuwar jajibirin Sallah, wadda ba a fi ta cika ba. Ta san ya karɓo cikakkiyar tukunya ya saka a akwati, ya bar mata wadda ta ƙare. Ana gobe kasuwa, da ya tafi masallaci sallar la'asar, ta ɗauki sifana ta buɗe akwatin, ta kwance kan kamar yadda Ango ya koya mata, ta musanya su. Cikakkiyar ta kwantar da ita a gindin babban kwandonta, ta jera kifi a kai.

Da safe da ake loda kaya, Mamuda ya ɗaga kwandon ya yi nishi ya ce, "Kihi na ko duwatsu?"

Ta ce, "Bana sun yi ƙiba."

Motar ta cika har bisa bonet. Manu na ciki, Bunyaminu na ciki da buhunan gishirinsa, Kubura ma tana nan. Aka fita kogi lafiya, aka iso gindin tudu. Kubura ta ja baki, jama'a suka amsa. Mamuda ya murɗa famfo. Ba abin da ya sake. Gyatuma ta hau da ƙarfin gazuwal zalla har tsakiya, ta yi tari, ƙafafunta suka nutse a rairayi.

"Ku ƙara!" in ji Mamuda, yana murɗa famfon gaba da baya.

Suka ƙara. Suka yi tsohon kirari, suka ƙago sabo, wani ya yi da Dendanci, Manu ya yi da Fillanci. Muryoyi suka dushe. Sai aka fara kallon juna. Bunyaminu ya ce tun gindin tudu ya lura bakin Manu kawai ke motsi, zuciyarsa ba ta ciki. Manu ya ce gishirin wasu ne ya fi ƙarfin tsohuwa. Kubura ta ce a bincika, akwai mai taba a aljihu. Mamuda dai gumi ya jiƙa masa hula. Ba shi da halin buɗe akwati a gaban mutane, ba shi da halin ce musu su sauka su tura.

Sai Tasallah ta yi magana, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Ku huta, bayin Allah. Ni na san halinta, gida guda muke. Ta ƙoshi da kirarin hwasinja. Yau na Direba taka son ji. Kuma ba ita za shi yi ma ba, mai tukunya za shi yi ma."

Mamuda ya juyo a hankali. Ya dubi fuskarta, ya dubi kwandon kifi, ya tuna nauyinsa. Ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"Uwargida, ki ruhwa min asiri. Mu yi magana gida."

"Kunnena ya yi nauyi, Direba. Ban ji ba."

Mutane ba su gane wace tukunya ake nufi ba, amma sun gane akwai kallo. Mamuda ya sauka, ya tsaya cikin rairayi mai zafi a gaban motar, ya cire hula. Abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan, namiji ya yi wa matarsa kirari a gaban maza. Ya soma.

"Tasallah ɗiyak kawu! Mai wuta ba hayaƙi!"

"Ƙara," in ji ta.

"Doguwa mai ganin ƙarƙashin riga! Wadda anka ba turmi tab biya da tudu!"

Tun bai rufe baki ba dariya ta kama shi, ita ma ta kasa riƙe tata. Ta sa aka sauko da kwandon, ta kwashe kifi a kan zane, sai ga tukunya tana ƙyalli da man kifi. Dole Mamuda ya buɗe akwatin sifanu a gaban kowa, ya kwance fankon, ya ɗaura cikakkiyar, ya ɗaga riga ya nuna famfo. Ya yi musu bayanin ashana da ƙarin itace, yana yi yana satar kallon sandar Manu.

Manu ya zagaya ya leƙa bututun, ya taɓa famfon da yatsa.

"Wato duk ihun da niy yi, wanga ɗan abu na?"

"Shi na, ranka shi daɗe."

"To, yau kai ka turi."

Haka kuwa aka yi, don ƙafafun sun riga sun nutse, iskar ma ba za ta fid da su ba sai an haƙa. Mamuda shi kaɗai ya tone rairayin da hannu, ya sassaro rassa ya shimfiɗa, fasinja suna zaune a inuwar gawo suna ba shi shawara. Bunyaminu ya ce bai taɓa jin daɗin tafiya irin ta ranar ba.

A gida aka yi sulhu. Tukunya ɗaya ta risho ce, ba mai taɓa ta. Ɗayar Tasallah ta ba Gyatuma aro, da sharaɗin kwandonta ya riƙa zama a kujerar gaba duk ran kasuwa, ko tana nan ko ba ta nan. Asirin ya tonu, amma kirarin bai mutu nan da nan ba. Kubura har ta bar zuwa kasuwa tana cewa iskar tana taimakawa, ba ta musu, amma ita ta ji da kunnenta yadda motar ke sake murya in an yabe ta. Direbobi daga Kamba da Jega sun zo ganin aikin. Mamuda ya nuna musu komai bai ɓoye ba, sai dai yawancinsu motocin fetur gare su, kuma ba su da suruki kuku.

Gyatuma ta yi wasu shekaru a haka. Ƙarshenta ya zo ne da damina, a kan hanyar komowa. Kusa da Tsamiya mutane suka tare hanya da wani manomi mai suna Lauwali a kan ƙyaure, kububuwa ta sare shi a ƙafa yana noma, jini har ya fara fita ta dasashinsa. Inda ake da allurar maciji mafi kusa shi ne wani asibiti can cikin Dahome. Mamuda ya sauke fasinja da kayansu a gindin tsamiya, aka kwantar da Lauwali a baya, ya juya. Hanya ta jiƙe, laka har gwiwa. Ya san ma'aunin famfon sarai, ya kuma san abin da zai biyo baya in ya wuce shi. Ya buɗe bonet ya zare idon nan da ke rage iskar, ya koma ya murɗe famfon, bai sake rufewa ba. Injin ya yi ta bugawa, lagireto na tafasa. Ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke bakin iyaka ya hango yadda take tahowa ya ɗage sandarsa tun daga nesa. Sun isa ƙofar asibitin, aka ɗauki Lauwali aka shiga da shi, Gyatuma ta saki farin tururi ta yi shiru. Kan injin ya tsage.

Lauwali ya rayu, ko da yake ya rasa yatsun ƙafa biyu. Mamuda ya zauna kan dutse kusa da motar har rana ta karkata, bai yi wa kowa wasa ba. Wanda ya kai masa ruwa ya ce ya ga yana share ido da hula. Shanun huɗa ne suka jawo ta gida.

Ya nemi wani kan injin har Zariya bai samu ba, ga ƙasa ta shiga rikici, kayan gyara sun yi wuya. Ya kai tsagaggen wajen masu walda suka ɗinke shi. Ɗinkin ba zai ɗauki nauyin mota a tudu ba, amma zai iya juya bel. Sai ya sauke injin ya kafa shi a wata rumfa kusa da kasuwa, ya haɗa masa dutsen niƙa. Shi ne injin niƙa na farko a unguwarsu. Gangar jikin motar ta zauna a bayan gida, kajin Tasallah suka gaje ta.

A rumfar nan Mamuda ya tsufa, ƙurar niƙa ta yi masa furfura tun kafin ta gaske ta fito. Ya aurar da 'ya'yansa, ya ga jikoki, ya yi aikin hajji ta jirgin sama, ya komo yana cewa ya leƙa wajen matuƙin ya ba shi shawara. Ya rasu bayan gajeriyar jinya, a wata shekara da kogi ya cika har ya ci gonakin shinkafa. Tasallah ta riƙe injin na ɗan lokaci, amma ƙararsa ta dame ta. Ta sayar wa wani mutumin Lolo mai suna Ɗanliti, aka ɗora shi a kwale-kwale aka haura da shi sama. Ita kuwa ta ci gaba da sarin kifinta har ƙafa ta hana ta fita.